Zanzaro ya yi ɗaki a kan Littafina

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Abin da zan faɗa da kunya, amma gara in faɗa. Jiya Lahadi muna shirin tafiya sujada, na ce wa autarmu ta ɗauko mini Littafi Mai Tsarki a kan taga. Sai ga ta tana riƙe da shi nesa da jikinta, tana cewa, "Baba, zanzaro ya yi ɗaki a jiki." Na karɓa na duba. Gini ne sosai, laka har ta bushe. Ku da kanku kun sani, zanzaro ba ya gini a kan abin da ake taɓawa kullum. Maman yara ba ta ce uffan ba. Kallona kawai ta yi, da ma faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ina tafe ina lissafi. Rabona da buɗe Littafin nan tun kafin a yanke gero. Daga gero aka shiga roron wake, aka cire gyaɗa, yanzu ga dawa tana jira. Ana gama ta kuma hankali ya koma Kadawa, noman rani, tumatir da albasa. To yaushe ne wannan "in na samu sarari" da nake ta yi wa Allah alkawari? Na kan ce ai ina da Littafin a waya. Gaskiya ne, yana nan. Amma in na buɗe wayar, farashin masara a Dawanau nake fara tambaya, daga nan Facebook, daga nan bidiyon barkwanci, har caji ya ƙare ban kai ga aya ɗaya ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, kada ku yi mini dariya. A sujadar jiyan, Baba Fasto yana tsakiyar wa'azi, mutum uku suka fita amsa waya. Ɗaya dattijon ikkilisiya ne. Ta taga muna jin sa yana ciniki da dillali. Matasa a bencin baya kai a sunkuye, ka ce addu'a suke yi, ashe sakamakon ƙwallon Ingila ake dubawa. Haba 'yan'uwa! Sa'a biyu a cikin mako guda, ita ma sai mun gutsura?

Manoma, ku tuna da ƙuduji. Ba ya zuwa da hayaniya kamar fari. A ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar dawa, yana tsotse ta a hankali, kai kuwa kana wucewa kana ganin gona kore shar. Ranar da ya fito fili da furensa mai kyaun gani, ya riga ya gama ɓarna. Karan yana tsaye, ganye yana nan, zangarniya ce babu. Haka na ga kaina jiya. Sunana yana cikin littafin ikkilisiya, ina ba da baiko, in an tayar da waƙa na san baitin. Amma a ciki an tsotse ni. A Markus sura 4, cikin misalin mai shuka da Yesu ya bayar, irin da ya faɗa cikin ƙaya ai bai mutu ba. Ya tsiro, sai dai bai ba da amfani ba. Kuma da Ubangiji ya fassara ƙayar, bai ce kisan kai ko maita ba. Damuwar duniya ya ambata, da ruɗin dukiya, da kwaɗayin waɗansu abubuwa. Wato kuɗin taki, kuɗin makarantar yara, bashin da ke wuyanka, babur ɗin da kake son sauyawa. Ba ɗayansu da yake zunubi, shi ya sa ba ma jin tsoronsu.

Iyayenmu mata na Zumunta, ku ma ban ƙyale ku ba, ku gafarce ni. A Luka sura 10, Marta, matar da ta sauki Ubangiji a gidanta, ba yawon banza ta tafi ba, Yesu da kansa take yi wa girki. Duk da haka ya kira sunanta sau biyu, ya ce tana damuwa da abubuwa da yawa, alhali abu ɗaya ne wajibi. Ana iya shekara ana ɗinkin anko, ana karɓar gudummawar gini, ana gwajin waƙa, ba a zauna a gaban ƙafafunsa ko sau ɗaya ba.

Abin da ya fi sa ni jin nauyi shi ne maƙwabtanmu Musulmi. Ana kiran salla, mai shago ya ja ƙofa, mai huɗa ya tsayar da shanu a bakin kunya. Gonarsu ba ta fi tamu ƙanƙanta ba.

Na kuma tuna kakata, Allah ya ba mu irin zuciyarta. Da girmanta ta koyi karatun boko, ba don komai ba sai don ta karanta Maganar Allah da bakinta. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma a zamaninsu ba kowane gida ke da shi ba. Nata a cikin tsumma take naɗe shi, ta karanta da fitilar aci-bal-bal tana bin layi da yatsa, bayan ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa. Wa zai ce mun fi ta aiki?

Ɗan'uwa, kada ka jira a gama kaka. Na jira, ga inda ta kai ni. Ubangiji kansa, washegarin ranar da dukan gari suka taru a ƙofar gidan da ya sauka, da asuba tun da sauran duhu ya tashi ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a.

Daren jiya na kankare lakar da wuƙa, tabon bai fita duka ba. Na tara yara a tsakar gida muka karanta Zabura 23, wayata tana ɗaki a kashe. Autar ta tambaya ko gobe ma za a yi. Na ce mata i. Ku sa ni a addu'a kada in zama maƙaryaci a gaban yarinyar nan. Kai ma tashi ka dubo naka, yanzu.