Zauren manya ko wurin toshe wa mutane hanyar abinci?

To, tunda hoton hirar ya gama zaga wayoyin Gombe tun daren jiya, ba sai na maimaita ba. Wanda bai gani ba ya tambayi na kusa da shi, don ni dai ba zan ƙara yaɗa sunan yarinyar nan ba, abin da aka yi mata ya isa haka. Abin da zan ce shi ne an ji kunya. Manyan mutane, shugabannin sashen kula da ma'aikata na asibitoci masu zaman kansu da makarantun kuɗi da ƙungiyoyin agaji, masu furfura da tarin takardun shaida, sun taru a zaure guda na WhatsApp, ɗayansu ya ɗauko hoton katin aikin wata ma'aikaciyar jinya ya liƙa, ya ce kada kowa ya kuskura ya ɗauke ta don fitinanniya ce. Saura kuma suka bi layi suna danna babban yatsa. Ba wanda ya tambayi me ta yi. Ko mutum ɗaya.

Me ta yi ɗin? Ta tambayi inda kuɗin fanshon da ake yanka a albashinta yake tafiya, tunda ba ta taɓa ganin saƙon shigarsa a wayarta ba. Shi ke nan fitinar. Madalla da ku, ƙwararru.

Bari in fara toshe bakin waɗanda za su ce ina adawa da zauren ne don ba a saka ni ba. Na daɗe a harkar nan, kuma na san amfanin irin wannan haɗuwa fiye da mafi yawan masu zagin ta yau. Aikin kula da ma'aikata aiki ne na kaɗaici. Ma'aikata na kallon ka a matsayin ɗan leƙen asirin Oga, shi kuma Oga na kallon ka a matsayin lauyan ma'aikata. Ba ka isa ka zauna a ɗakin cin abinci ka ce ga abin da ke damun ka ba, don rabin abin da ka sani sirrin mutane ne: wane ana bin sa bashi har an rubuto wa ofis, wance ciwo take ɓoyewa, wane saura ƙiris a sallame shi bai sani ba. A Legas kamfani ɗaya zai iya samun sashe guda mai cike da mutane. Mu nan sau da yawa mutum ɗaya ne, shi ne mai ɗaukar aiki, shi ne mai rubuta takardar tuhuma, shi ne mai lissafin hutu, wani lokacin har sayen man janareta. In irin wannan bai samu takwarorinsa da zai yi shawara da su ba, wa zai nufa?

Kuma abin tattaunawar ba kaɗan ba ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a zuba kashi 1 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ga harajin horaswa na ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, wadda hedikwatarta ke nan Jos kusa da mu. Ga mafi ƙarancin albashi da ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, ya bar kowa da ciwon kan yadda zai gyara na sama da shi, don ba zai yiwu masinja ya kamo akawu ba. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a kwana ana ja-in-ja a kansu a zauren manya.

Na ga ranar irin wannan haɗuwa da idona. Wani direbanmu ya rasu, matarsa ta zo ofis da goyo da leda cike da takardu, ta zauna a bakin kujera ba ta ma san me za ta tambaya ba. Wata Hajiya da muke haɗuwa a taron takwarori, wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba, ita ta ɗauki waya ta jera min matakan tiryan-tiryan: takardar shaidar rasuwa, takardar izinin kula da gado daga kotu, abin da kamfanin fansho zai nema, abin da kamfanin inshora zai nema, har da gargaɗin cewa in duba ko sunan da ke fayil ya yi daidai da na banki kafin a fara zirga-zirga. A duk tsawon hirar ba ta tambaye ni sunan marigayin ba. Ba ta buƙatar sa. Matsalar ta ji, matsalar ta warware.

Nan ne maganata take. A kawo matsala zaure, a bar suna a fayil. In kana da ma'aikaci mai yawan fashi, ka ce ina da mai yawan fashi, ya kuke yi? In wata ta kai ƙarar cin zarafi a kan babba, ka ce ga irin ƙarar da ta zo min, wane tsari zan bi da ba zan zalunci kowa ba? Wannan shawara ce. Amma daga ranar da ka ɗora suna da hoto ka ce a guje ta, ka bar shawara, ka yanke hukunci a shari'ar da wadda ake tuhuma ba ta san ana yi ba, ba ta da bakin kare kanta, ba ta da inda za ta ɗaukaka ƙara. Fayil ɗin da ke kabad ɗinka amana ce aka ba ka, ba gadon gidanku ba ne.

Tun da safe ake min saƙo wai ai kare juna suke yi daga ɓarayi da maha'inta. Haba Yallaɓai. In ɓarawo ne akwai takardar tuhuma, akwai kwamitin ladabtarwa, akwai 'yan sanda, akwai kotu. In wani wuri zai ɗauki tsohon ma'aikacinka, ya rubuto a hukumance ya nemi bayani, ka amsa a rubuce da sa hannunka da hatimin ofis, abin da za ka iya tsayawa gaban alƙali ka maimaita. Me ya sa ba a son wannan hanyar? Saboda tana buƙatar hujja, shi kuwa zaure yatsa kawai yake buƙata. Kuma yarinyar nan ba sata ta yi ba, tambayar haƙƙinta ta yi. In ma sata ake nema a labarin, a juya a kalli wanda ya yanki kuɗi bai tura ba.

Wani kuma ya ce laifin na wanda ya fitar da hoton ne, don zauren na sirri ne. Wannan ya ba ni dariya. Sirri a wayoyi rututu, waɗanda yara ke kallon katun da su da daddare? Kuma ko da sirrin ne, wane irin sirri? Akwai ƙa'idar da aka sani a tarukan manya a duniya, wadda ta samo asali daga cibiyar Chatham House ta Landan tun 1927: ka yi amfani da abin da ka ji, amma kada ka ce wane ne ya faɗa. An yi ta ne don mutum ya saki jiki ya faɗi gaskiya. Ku kuwa kun mayar da ita rumfar da babba zai fake ya jefi ƙarami. Ku tuna kuma tun watan Yuni na 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke kula da ita. Katin aiki da hoto da tarihin aikin mutum duk bayanansa ne. Ban ce ga yadda alƙali zai yanke ba, amma ni dai ba zan so a karanto saƙona a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ba, wadda tun gyaran tsarin mulki na 2010 ta zama babbar kotu mai cikakken iko kan rigimar aiki.

Sai masu cewa ai ko a Turai ana yi. Ana yi, ana kuma biya. A Amurka manyan kamfanonin fasaha, Apple da Google da Intel da Adobe, an zarge su da haɗa baki kada wani ya zawarci ma'aikatan wani. A 2015 suka amince da biyan dala miliyan 415 don a kashe ƙarar. A 2016 hukumomin Amurka suka fitar da gargaɗi na musamman ga masu kula da ma'aikata cewa haɗa baki kan albashi ko kan hana ɗaukar ma'aikatan juna na iya kai mutum gaban kotu a matsayin mai laifi. In za a kwaikwayi Turawa a kwaikwayo har da wannan ɓangaren.

Tunda na taɓo albashi, kada a ɗauka ba mu ga saƙonnin da ke sama da hoton ba. Ana shawara kada wata makaranta ta wuce wani adadi wa malaman firamare don kada a ɓata kasuwa. A ɓata kasuwa! Malamin da ke hawa babur daga Tumfure zuwa cikin gari kullum, rabin albashinsa na ƙarewa a hanya, shi ne zai ɓata kasuwa in an ƙara masa. Sanin abin da ake biya a gari don ka daidaita naka abu ne mai kyau, kowa na yi. Haɗa kai a danne shi wani abu ne daban. Gobe kuma ku ne za ku zauna a babban ɗakin taron otal, ga ruwan roba ga jaka mai tambari, kuna jimamin yadda ma'aikatan jinya ke tserewa Abuja da Saudiyya da Ingila, kuna neman dabarar riƙe su.

Yanzu ban da ba'a, magana ta tsakani da Allah. Garin nan ƙarami ne. Wanda aka shafa wa baƙin fenti a Gombe, labarinsa zai riga shi isa Bauchi da Yola, don mutanen su ne dai, tare aka yi makaranta, tare ake zuwa taro. Yarinya irin wannan mai yiwuwa ita ce ke riƙe da gidansu, ita ke sayen maganin mahaifiya, ita ke biyan kuɗin jarrabawar ƙanne. Za ta yi ta kai takarda ana ce mata za a kira ta, ba za ta taɓa sanin dalili ba, har ta fara zargin ko jifa aka yi mata. Yayyena, iyayena a wannan aiki, mu aka ɗora a tsakiya don kada mai ƙarfi ya taka mara ƙarfi ba bisa ƙa'ida ba. Mun san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuma kowannenmu akwai ranar da zai miƙa makullin ofis, ya koma bin layin tantance 'yan fansho da fayil a hammata, yana fatan yaron da ke kan tebur ya duba shi da mutunci.

Zauren nan ba na CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Najeriya, ba ne, kada a ɗora mata. Amma cibiyar, wadda aka kafa a 1968 ta kuma samu dokarta a 1992, tana da ƙa'idojin ɗa'a, kuma duk wanda ke jera haruffanta bayan sunansa a katin ofis ya ɗauki alkawarin bin su. Ban ce a rufe zauren ba. A goge saƙon, wanda ya liƙa ya nemi yarinyar ya ba ta haƙuri, a tura mata kuɗin fanshonta, sannan a rubuta doka ɗaya a saman zauren: matsala muke so, ba suna ba. Wanda ya karya a cire shi, ko shi ne ya fi kowa girman rawani.

Af, tunda na san abin da zai biyo bayan wannan rubutun: don Allah 'yan uwa ku daina cika min akwatin saƙo da takardun neman aiki. Ba ni da gurbi, kuma ban san wani a kamfanin siminti na Ashaka ba. Waɗanda suka riga suka turo, ku gyara adireshin imel ɗinku, ba wanda zai kira mai suna irin na fim ɗin Indiya haɗe da shekarar haihuwa zuwa ganawa. A daina ɗaukar hoton takardar shaida a kan zanin gado, yatsa na leƙowa a gefe, ku je shagon kwamfuta a yi muku yadda ya dace. Duk wanda ya ce ku biya kuɗi kafin a ba ku takardar kama aiki, damfara ce, ko da a cikin masallaci ya faɗa muku. Sannan bawan Allahn da ya ari littafina na dokar ƙwadago tun kafin azumi, ya san kansa, akwai rubutuna da jan biro a gefen shafukan, ina buƙatar abina ranar Litinin.