Kwamfutar tace bidiyon 4K: shawarar Jamus ba lallai ta dace da Kano ba

A nan Jamus, idan mai ƙaramin ƙarfi ya ce yana son kwamfutar tace bidiyon 4K, kusan amsa ɗaya ake ba shi: ya haɗa ta tebur da kansa, ya zuba mafi yawan kuɗinsa a katin girafik. Ya nemi katin Nvidia RTX 3060 na hannu mai 12GB, ya sa RAM 32GB da SSD, shi ke nan. Shawara ce mai kyau ga wanda ba a ɗauke masa wuta, wanda kuma doka ta ba shi kwana 14 ya mayar wa shago kayan da ya saya ta intanet idan ba su yi masa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda samarinmu masu ɗaukar bukukuwa da masu tace finafinai a Kano da Kaduna da Jos suke kwasar wannan shawara daga YouTube ba tare da sun auna ta da halin da suke ciki ba.

Kwamfuta irin wannan takan sha wat 300 ko fiye idan tana fitar da bidiyo. A gida, wannan na nufin man janareta ko inbata da manyan batura, kuɗin da babu wanda ya lissafa maka ranar saye. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ke tilasta wa na'ura ta rage gudu don kada ta ƙone, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Shi ya sa ni a ganina mutumin gida ya fara da tambayar wutar da na'ura ke sha kafin ƙarfinta. Mac mini, ƙaramar kwamfutar tebur ta Apple mai furosesa (ƙwaƙwalwar na'ura) M4, wadda ta fito a 2024 a kan dala 599 da RAM 16GB, ba ta wuce wat 65 ko da tana kan aiki tuƙuru. Sola madaidaiciya za ta riƙe ta. Ko M1 ta 2020 ta hannu tana yin aikin, amma a guji mai 8GB, domin RAM ɗin Apple a like yake, ba a ƙara shi daga baya.

Wani zai ce ta yaya 'yar wannan na'ura za ta ɗauki 4K? Gaskiya ne 4K, wato 3840 sau 2160, ya ninka 1080p sau huɗu. Amma nauyin ya fi yawa a yadda kyamara ta matse hoton. Sababbin kyamarorin Sony da Canon suna ɗauka da tsarin matse hoto na H.265 mai 10-bit 4:2:2, kuma warware shi yana buƙatar wani sashe na musamman a cikin na'ura. Na'urorin Apple masu M suna da shi, furosesan Intel daga zubi na 11 ma haka. Katunan Nvidia kuwa ba su samu na 4:2:2 ba sai a jerin RTX 50 na 2025. Don haka mai ƙaton kati zai iya ganin bidiyonsa yana cijewa alhali ƙaramar laftof tana tafiya sumul.

Akwai inda gida ya fi nan. Masu gyaranmu suna buɗe laftof su gyara allonta na ciki da kuɗi kaɗan, a Jamus kuwa ladan ma'aikaci kawai ya isa ya sa ka haƙura ka sayi wata. Wannan hujja ce babba ga mai son laftof ta Windows, tunda kayan gyaranta sun fi samuwa. Sai dai a kula da takardar nan ta "Core i7", sunan furosesan Intel, da ke like a jiki. A nan mai talla yakan rubuta cikakkiyar lambar furosesa, a kasuwanninmu sau da yawa sai a ce maka "i7 ce" a yi shiru. i7 zubi na 4 ta 2013 ce, kuma i5 zubi na 12 ta yi mata fintinkau. Windows 11 ma daga zubi na 8 take farawa, Windows 10 kuwa Microsoft ya daina tallafa mata a Oktoba 2025.

Wanda kuɗinsa bai kai ko'ina ba, kada ya karaya. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve tana da sigar kyauta, ba kamar Premiere Pro da ake biya wata-wata ba. Dukansu suna yin furoksi, wato kwafi mara nauyi da za ka yi tacewa da shi, sai a ƙarshe manhajar ta koma kan na asali ta fitar da 4K. Laftof mai RAM 16GB da SSD za ta ci da kai a haka. Rarar kuɗin ka sayi faifai na biyu don ajiye kwafin aikin mutane.

Ranar saye kuma, ɗan'uwa, ka tafi da bidiyon kyamararka a filas. Ka sa a buɗe shi a gabanka, ka bar shi yana tafiya kamar minti goma, ka saurari ƙarar fanka, ka taɓa jikin na'urar ka ji zafinta kafin ka biya.