In za a je ganin teku, a je Zanzibar

A Maradi tafiya tana da dalilai sanannu: aikin hajji, fatauci, neman magani ko karatu. Wanda ya ce zai hau jirgi don kawai ya zauna a bakin teku, almubazzari za a kira shi. Na fahimci masu wannan magana, domin a garin da maƙwabcinka ke auna hatsi da tiya, kashe miliyoyin sefa a kan hutu abu ne mai nauyi. Duk da haka ban yarda haramun ne ko wauta ba, muddin mutum ya sauke haƙƙin iyali da zakka. Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba.

Nijar ba ta da teku. Alhazanmu sun daɗe suna zuwa tashoshin Kwatano da Lome, amma kwantena suke zuwa nema, ba ruwa ba. Yaro ya tashi babban ruwan da ya sani shi ne tabkin Madarunfa, sai Gulbin Maradi in damina ta yi kyau. Ya cancanci ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake zaɓen wurin. Matasa suna ganin hotunan tsibiran Maldibs a TikTok, ɗakunan katako bisa shuɗin ruwa, sai kowa ya ce can. Mafi yawan waɗannan otal-otal kowanne tsibirinsa daban, baƙo ya yi mako bai gaisa da ɗan ƙasa ba in ba mai kawo abinci ba. A ganina asarar tafiya ke nan.

Zanzibar da ke Tanzaniya daban ce. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kiran salla zai tashe ka da asuba, ba ka da fargabar abin da za ka ci. Kunnenka ma zai tsinci kalmomi: a harshensu na Swahili suna cewa habari muna cewa labari, sabuni sabulu, dunia duniya. Kanumfarin da matanmu ke jefawa a kunu da shayi, can za ka gan shi a bishiyarsa, musamman a tsibirin Pemba. A ƙauyukan Paje da Jambiyani na bakin teku ruwa yakan janye nesa sau biyu a yini, mata su shiga su duba ciyawar tekun da suke nomawa suna sayarwa. Kowacce manomiya ce kamar ta Tibiri kusa da Maradi, gonarta ce kawai ke cikin ruwan gishiri. A tsohon birnin kuma, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, akwai wurin da kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Kada a wuce shi don saurin zuwa rairayi.

A lura da lokaci. Watan Afrilu da zafin Maradi ke korar mutum, a can ruwan sama ake shatatawa tun daga Maris har Mayu. Yuni zuwa Oktoba ya fi. Daga Yamai ana bi ta Adis Ababa.

Sannan mu mutanen tudu ne, akasarinmu ba mu iya iyo ba. Igiyar teku tana ja ta ƙasa ko da sama ya yi lumui. Kada a shiga kwalekwale babu rigar ceto, kada a saki hannun yaro a bakin ruwa.