Wa zai tashe ni addu'ar asuba a Ingila?

A Zuru ban taɓa saita agogo don addu'ar safe ba. Ladanin masallacin bayan gidanmu ne ke fara tayar da unguwa, Kirista da Musulmi, kiransa ba ya zaɓen kunne. Kafin ka gama juyi a tabarma, sai ka ji an buga ƙarfen majami'armu ta ɗarikar UMCA, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a darbejiya. Mama ta riga ta ɗaura zani, tocila a hannu, Littafi Mai Tsarki a hammata, mu kuma muna biye da ita muna hamma. Fiye da shekara 20 ina cikin wannan, har na ɗauka ni mai addu'a ce.

Sai da na zo Ingila na gane ashe gari ne ke yi, ni 'yar rakiya ce.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a Leeds, awa 12 a tsaye, wani mako da rana, wani da dare. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Ba ladani, ba ƙarfe, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce, "Maman yara, ba mu gan ki a Zumuntar Mata ba, lafiya dai?" Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46 cikin ɗari ne na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 sun kai kashi 59. Ranar Lahadi a nan, ga yawancin abokan aikina, ranar barci ce da cefane. Ba wanda ya tsananta mini, ba wanda ya hana ni ibada. Duk da haka wata shida Littafina ya yi a cikin akwatin da na zo da shi. Ban bar bangaskiya ba, kullum dai cewa nake sai gobe.

Na san akwai 'yan'uwa masu cewa tsayar wa kai lokacin addu'a, da azumi, da karatun kullum, komawa ƙarƙashin Shari'ar Musa ne, tunda ta wurin alheri aka cece mu. Gaskiya ne, haka Afisawa 2:8-9 ta ce, kuma babu yawan azumin da zai sayi ceto. Amma Bulus ɗin da ya rubuta wannan shi ne ya gaya wa Timoti ya hori kansa ga ibada, har ya kwatanta ta da motsa jiki. Manomin dawa a ƙasarmu ya san ba shi ke saukar da ruwa ba. Wannan bai taɓa hana shi noman fari da maimai ba. In ya ce damina kyautar Allah ce, ya jingine fartanya, ciyawa ce za ta ci moriyar ruwan. Mu 'yan Zuru ma bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba. Kakanninmu sun yi golmo, saurayi ya shekara bakwai yana noma a gonar surukai, kamar yadda Yakubu ya yi wa Laban saboda Rahila. Ba a biyan golmo da wuni ɗaya, kome ƙarfin saurayi.

Wanda ya fi taɓa ni a cikin Littafi yanzu Daniyel ne, don shi ma baƙo ne a ƙasar wasu. Sarki Dariyus ya sa hannu a doka cewa kwana 30 kada kowa ya roƙi wani sai shi. Daniyel ya hau ɗakinsa, taga a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana. Da ina yarinya zakunan ramin da aka jefa shi ne ke burge ni. Yanzu ƙarshen aya ta 10 a sura 6 nake tsayawa, inda aka ce ya yi kamar yadda ya saba. Ba ranar da doka ta fito ya koyi durƙuso ba. Da sai ranar zai fara, ina jin gwiwar ba za ta lanƙwasu ba.

Ba kuma zan ce na gida duk zinariya ba ne. Mun iya taro. Kwanan addu'a, taron farkawa na kwana uku, lasifika har unguwa ta gaba, sai a wayi gari mutum ya yi wata bai buɗe Littafi a ɗakinsa ba. Wasu zuwan namu ma tsoron bakin mutane ne. A Matiyu sura 6 Yesu ya ambaci sadaka, da addu'a, da azumi, kuma kowanne cewa ya yi a yi shi a ɓoye. A Zuru rufe ƙofa ke da wuya. A Leeds ƙofar kullum a rufe take, durƙusawar ce ke da wuya.

Wata abokiyar aikina 'yar Somaliya ce ta sa na ji kunya ba tare da ta ce mini uffan ba. Hutun minti 15 ya ishe ta ta shimfiɗa darduma a ɗakin ajiyar zannuwa. Sai na tashi da zafi, na ce zan sauke Littafi Mai Tsarki a shekara ɗaya, sura 1,189, uku ko huɗu a kullum. A Littafin Firistoci na maƙale. Daga nan na rage buri: Zabura ɗaya kafin in taɓa waya, sura ɗaya ta Markus a cikin bas, tunda 16 ce kawai, azumin Laraba zuwa ƙarfe 3 in ba ina aikin dare ba, da majami'a ko da Lahadi biyu ce a wata. Wasu ranakun ba na jin kome, kamar mai tauna ƙaiƙayi. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya, in ji Hausawa, amma ba su gaya mana yadda mai allurar ke gajiya ba.

Amfanin a wurin aiki na fara ganinsa. Tsohon da mantuwa ta kama yakan zage ka, yakan ture kwano, gobe kuma ka dawo ka yi masa wanka. Da a cike nake komawa gida. Yanzu ba kullum ba. Wani dare kuma wata tsohuwa da na daɗe ina kula da ita tana bakin rai, danginta ba su iso ba, ta riƙe hannuna. Zabura 23 ce ta fito daga bakina da Hausa, ban neme ta ba. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ba ta saki hannun ba.

Lokacin hunturu agogon Najeriya yana gaban namu da awa ɗaya, don haka biyar da rabi ta Mama huɗu da rabi ce a wurina. In ina aikin dare takan kira ta WhatsApp tana kan hanya. "Ke, kin yi addu'a?" In ce, "Mama, ina wurin aiki." Sai ta ce, "To saurara," ta ɗaga wayar sama, in ji ana buga ƙarfen.