Ga Ƙannena Masu Son Rubuta Manhaja: Kada Ku Raina Abin da Kuka Karanta

Ƙannena ɗaliban Zariya, na jami'ar ABU a Samaru da Kongo da na kwalejin Nuhu Bamalli, ku daina cewa sai wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta ne zai iya rubuta manhaja. Tim Berners-Lee da ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, fiziks ya karanta a Oxford. Larry Wall, wanda ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja na Perl a 1987, ilimin harsuna ya yi. Grace Hopper kuwa malamar lissafi ce kafin ta shiga harkar.

Abin da ke damuna shi ne, wanda ya shekara huɗu a Kongo yana karatun akanta sai ya watsar da iliminsa don ya koyi Python, wani harshen rubuta manhaja. Alhali wannan ilimin shi ne jarinsa. Ku buɗe Python ku rubuta 0.1 + 0.2, za ta ba ku 0.30000000000000004, domin kwamfuta ba ta iya riƙe irin waɗannan lambobi daidai. Mai rubuta manhajar da bai san kuɗi ba zai kawar da kai. Akanta kuwa ya san kobo ɗaya na hana littafi daidaituwa, don haka zai adana kuɗin a kobo, cikakkiyar lamba: naira 1,500 ta zama 150000. Haka ɗalibar harhaɗa magunguna ta san dole a rubuta ranar lalacewar kowane kwali, kuma a fara sayar da wanda ya kusa lalacewa. Ɗan sashen noma ya san tiya da mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa.

Amma fa akwai giɓin da dole ku cike, kuma a nan ake faɗuwa. Idan ka sa manhaja ta gwada kowane suna da kowane suna, mutum 1,000 gwaji miliyan ɗaya ne, ba za ka lura ba. Ranar da suka kai 100,000, gwaji biliyan goma ne, sai komai ya tsaya cak. Saboda haka ku koyi tsarin jera bayanai da SQL, harshen da ake nemo bayanai da shi daga rumbun ajiyarsu. Kuma don Allah kada ku adana kalmar sirrin mutane tsirara, amana ce.

Harshe ɗaya ya isa a wata shidan farko. Awa biyu kullum ta fi kwana guda a mako. Kwamfuta mai RAM (ƙwaƙwalwar aikinta) 8GB ta wadatar. Ku saba da Git, manhajar adana tarihin canje-canjen aiki, tun makon farko, ku riƙa tura aikinku GitHub, shafin ajiye shi a intanet, domin batiri kan mutu lokacin da aka ɗauke wuta.

Ku kuma 'yan kimiyyar kwamfuta, rubuta manhaja a takardar jarrabawa ba ya nuna kun iya. Ku je Sabon Gari ku zauna da mai shago, ku duba littafin bashinsa, ku gina masa abin da zai yi aiki a ƙaramar wayarsa ko da babu data.