Jarrabawa ɗaya a New York, kason jihohi a gida: wane yaro kowanne yake amfana?

A birnin New York, inda nake zaune, akwai makarantun sakandare na gwamnati guda takwas da ba a shigarsu sai ta ƙofa ɗaya, wato jarrabawar da ake kira SHSAT. Yaro yana zana ta a watannin farko na aji takwas, yana da shekara goma sha uku ko kusa da haka, kuma abu biyu kawai ake gwada shi a kai, Turanci da lissafi, cikin awa uku. Kafin ranar, yakan jera makarantun yadda yake son su. Idan an gama duba amsoshi sai a jera yaran daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a riƙa bai wa kowa zaɓinsa har kujeru su ƙare. Fiye da yara dubu ashirin suke zama kowace shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su cika wuce dubu huɗu zuwa biyar ba. Ba a duba sakamakon aji, ba a yin ganawa, ba a karɓar takardar yabo daga kowa. Dokar jiha ce ta 1971 ta kafa wannan tsari ga fitattun makarantun uku, Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech, kuma 'yan majalisa biyu daga yankin Bronx na birnin, Hecht da Calandra, su ne suka kawo ta.

Duk wanda ya tashi a Najeriya zai gane dalilin da ya sa tsarin ya burge ni. Mun saba da cewa bayan jarrabawa akwai wata jarrabawar, wadda iyaye suke zanawa a ofisoshi da gidajen manya, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Hatta a makarantun haɗaka na tarayya, inda hukumar NECO take shirya jarrabawar kwaman, ƙa'idar da ma'aikatar ilimi take bayyanawa ita ce kashi 60 cikin ɗari na cancanta ne, kashi 30 na daidaiton jihohi, kashi 10 kuma na abin da ake kira larura. Ban taɓa ganin ɗan mai faskare ya shiga ta wannan kashi goman ba. A nan kuwa, ɗan attajiri idan ya gaza makin Stuyvesant ya gaza ke nan, babu wanda ubansa zai buga wa waya, sai dai ya biya masa makarantar kuɗi.

Sai dai abin da jarrabawar take haifarwa ba ya faranta rai. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka su ne kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban makarantun gwamnati na birnin, amma abin da suke samu na kujerun nan bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. A 2019 Stuyvesant ta bai wa yara 895 gurbi, bakwai ne kacal baƙaƙen fata. 'Ya'yanmu, na Hausawan Kano da Damagaram da zangunan Kumasi da Accra, a cikin wannan lissafi suke. Bronx Science, wadda aka kafa a 1938 kuma tsofaffin ɗalibanta tara suka ci kyautar Nobel, tana nan a unguwar Bedford Park cikin Bronx, tashoshin jirgi kaɗan daga unguwannin da muka fi yawa. Wanda ya tsaya a gefen titinta da safe zai ga motocin haya suna sauke yara daga Queens, wani yankin birnin mai nisa, waɗanda suka tashi tun duhu, alhali yaran da za su iya zuwa da ƙafa suna wucewa zuwa wasu makarantun.

Ba na karɓar bayanin da ake yi a ɓoye cewa bambancin na ƙwaƙwalwa ne, haka kuma ba na karɓar cewa na arziki ne kawai. 'Yan Bangladash da muke salla sahu ɗaya da su, waɗanda da yawansu tasi suke tuƙawa kamar mutanenmu, 'ya'yansu suna shiga waɗannan makarantu da yawa. A Parkchester da Jackson Heights akwai ɗakunan lesin a saman shaguna, inda ake kai yaro tun yana aji shida ko bakwai, Asabar da Lahadi da dogon hutu, yana maimaita tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa. Jarrabawar tana tambayar lissafin da makarantu da dama na unguwannin talakawa ba su kai ga koyarwa ba a lokacin, kuma tana buƙatar sauri, wanda ba ya samuwa sai da sabo. A wajenmu kuwa, iyaye da yawa ba su ma san da ita ba. Bayan wata sallar Juma'a na tambayi wani dattijo, direba ne, ko 'yarsa da kowa ya san ta da hazaƙa ta yi rajista. Ya ce, “Malam, wace jarrabawa kuma? Ai na ɗauka daga wannan makarantar sai su tura ta gaba.” Na ce, “Alhaji, ai an rufe rajista.” Saƙon ya zo masa cikin Turanci, tsakanin saƙonni barkatai na makaranta, a ranar da ya yi awa goma sha biyu a kan sitiyari.

A 2018 magajin gari na lokacin, Bill de Blasio, ya nemi a soke jarrabawar a hankali, a koma ɗaukar waɗanda suka fi ƙwazo a kowace ƙaramar sakandare. Iyaye 'yan Asiya suka tashi tsaye, majalisar jiha a Albany ba ta amince ba, maganar ta mutu. Wasu abokaina sun ji haushi, ni kuwa ban ji ba, domin na san abin da yake shigowa idan ma'auni ɗaya bayyananne ya fita. Da zarar an ce a duba sakamakon aji da halin yaro da ra'ayin malami, iyayen da suka iya magana da hukuma, suka san wa ake gani da yadda ake rubuta ƙorafi, su ne za su ci riba, kuma dattijon nan ba ya cikinsu.

Najeriya ta fuskanci irin wannan giɓi ta bi wata hanyar, wato sauke maki bisa jihar asali. Jadawalin makin shiga makarantun haɗaka na 2013, wanda ya tayar da ƙura, ya nuna cewa daga maki 200 ɗan Anambra sai ya ci 139, ɗan Kano 67, ɗan Zamfara kuwa 4 idan namiji ne, 2 idan mace ce. Na sha kare manufar wannan tsari a gaban 'yan kudu da muke zaune tare, domin sun riga mu samun boko da shekaru masu yawa, kuma makarantar da aka kafa don haɗa kan ƙasa ba ta da ma'ana idan yanki ɗaya ne ya cika ta. Amma tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba ita ce wane yaro ne yake hawa kujerar. A 2018 an ruwaito cewa yara 28 ne kawai suka yi rajistar jarrabawar daga Zamfara, alhali na Legas sun haura dubu ashirin. Yaron ƙauyen da aka sauke makin dominsa bai san ranar jarrabawar ba, ba shi da kuɗin rajista, wataƙila ma ajinsu ba shi da malamin lissafi. Wanda ya fi samun damar amfana shi ne ɗan babban ma'aikaci da yake karatu a makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, wanda abin da ya haɗa shi da jihar bai wuce takardar shaidar ƙaramar hukuma da zuwa hutun salla ba. Ƙari a kan haka, ƙaramin makin yana rufa wa gwamnoni asiri, tunda komai lalacewar firamare kujerun jihar suna nan a ajiye.

Abin da na ga ya fi dacewa shi ne wani shiri da ke cikin tsarin New York ɗin, mai suna Discovery, wanda yanzu ake ware masa kashi 20 cikin ɗari na kujerun. Na yaran da suka zana jarrabawar ne suka gaza da ɗan kaɗan, waɗanda gidansu talakawa ne kuma makarantar da suka fito ta unguwar talakawa ce. Ana ba su horo a lokacin dogon hutu, sannan su shiga aji tare da sauran. Shirin bai sauya alƙaluman launin fata sosai ba, domin talakawan Asiya ma suna shiga ta nan, kuma a ganina hakan ba aibu ba ne. Ma'aunin yana duba halin yaro da makarantarsa, ba ya duba inda kakansa ya fito, kuma ragin maki ne kaɗan wanda horo zai iya cikewa. Da a gida za a ware kason ga waɗanda suka gama firamaren gwamnati a cikin jihar, da ya fi kusa da kaiwa ga masu shi. Na san za a yi ƙaryar takardu, amma ƙirƙiro shekara shida a rajistar makaranta ya fi sayen takardar asali wahala.

Muna ma da shaida a gida cewa jarrabawa mai tsauri ba maƙiyiyar talaka ba ce. Lokacin da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, daga baya ta ƙara ta 'yan mata a Taura, ta jarrabawa ake shiga, kuma yaran daga makarantun gwamnati ake tsamo su, a ba su kwana da abinci da ɗakin gwaji. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa na yau can suka fito, wasunsu 'ya'yan manoma ne da ba su taɓa ganin lesin ba.

A nan Bronx kuwa gyaran da ya rage namu ne, kuma ba ya jiran majalisa. Birnin yana da horo na kyauta mai suna DREAM ga yaran masu ƙaramin ƙarfi, ana neman shiga tun daga aji bakwai, kuma tambayoyin gwaji kyauta suke a intanet. Masallatanmu suna tara yara kowace Asabar da Lahadi domin karatun Alƙur'ani, cikinmu kuma akwai matasan da suka gama jami'a a nan, waɗanda za su iya ƙara awa ɗaya ta lissafi bayan an tashi. Da na kawo maganar a wani zaman kwamiti, wani malami ya ce yaran sun riga sun gaji, kwana biyar suna boko, kada a cinye musu kwana biyun addini. Hujjarsa tana da nauyi, shi ya sa muka tsaya a kan 'yan aji shida da bakwai kawai, sannan liman ya riƙa sanar da lokacin rajista cikin Hausa a Juma'o'in watan Satumba da Oktoba.