Ni ma na sha maganin tarin huka wata 6 a Tahoua

Salamu alaikum jama'a. Labarin da ake yi cewa wasu na barin maganin tarin huka tun ba su gama ba wallahi gaskiya ne, ni kaina na yi ciwon kuma saura kaɗan in bari. Wata 2 na farko su ne masu wuya, ƙwaya huɗu ce a haɗe kana sha da sassafe cikinka babu komi, sai an jima ka karya, fitsarinka ya koma ja saboda rifamfisin, ɗaya daga cikin ƙwayoyin, ranar farko na tsorata sosai sai malamar likita ta ce mani ba jini ba ne. Daga nan tari ya lafa, jiki ya dawo, zuciya ta fara ce maka ai ka warke, to nan ne hatsarin yake don ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba, in ka tsaya tana iya dawowa ta ƙi jin magani.

Abin da ya taimake ni, innata ce ke miƙo mani maganin kullum bayan sallar asuba, kuma ko ba na jin yunwa sai na ci, fura da nono, wake, kopto, ƙwai in an samu. Na bar taba gaba ɗaya, ina buɗe taga ɗaki ya sha iska saboda yara, lokacin hazo kuma rawani a hanci. Ɗan uwa in ka ga idonka ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa kar ka jira ranar randebu, ka koma CSI ɗinku, wato ƙaramin asibitin yankinku, ranar nan. Maganin kyauta ne, kuɗin kabu-kabu kawai ni na riƙa kashewa.